Fitilun Gurbin Faifai a Akwatin Saba: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a bakin masu kula da saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima, musamman waɗanda ke riƙe da akwati mai gurbi 12, 24 ko 60 a kan Linux. An fara da na farko-farko, sannan aka shiga masu zurfi. Inda wata amsa ta dogara da wata, an nuna.

Mene ne amfanin 'yan fitilun nan da ke gaban kowane gurbi?

Amfaninsu ɗaya ne babba: su hana ka zare faifan da ba shi ba. Manhaja ta san faifai da suna irin `/dev/sdq`, ko da lambar siriyal. Hannunka kuwa tire kawai ya sani, wato abin da ake ɗaura faifai a tura shi cikin gurbi, kuma duk tirorin kamarsu ɗaya. Fitila ce ke haɗa sanin manhaja da hannun mutum. A jerin RAID 5, ko raidz1 na manhajar ZFS, inda ake haɗa faifai da yawa su jure mutuwar guda ɗaya kawai, idan faifai ɗaya ya riga ya lalace, ka zo ka zare lafiyayyen da ke gefensa, to jerin ya faɗi ke nan, kuma aikin da ya kamata ya ci minti biyar ya koma na kwana.

Yawancin gurabe suna da fitila biyu. Ɗaya ta aiki ce, tana ƙiftawa idan ana karatu ko rubutu. Ɗayar ta hali ce, ita ke nuna lalacewa, ko sake ginawa, ko amsa kiran "ga ni nan" idan ka neme ta. Wasu akwatuna suna ware ta uku, galibi shuɗiya, don nema kawai.

Me launuka da salon ƙiftawa suke nufi? Duk kamfanoni ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, ko da yake akwai ƙa'idar da aka yi don a daidaita su, wato IBPI, wadda ke cikin takardar SFF-8489. A tsarinta na fitila biyu, fitilar hali tana ƙiftawa sau 4 a daƙiƙa idan ana neman faifai, tana tsayawa a kunne cak idan ya lalace, tana ƙiftawa sau 1 a daƙiƙa idan ana sake gina shi. Supermicro na bin wannan da jar fitila, har da ƙifta biyu da ɗan hutu ga faifan da ke jiran gado, wato na ajiya mai jiran maye gurbin wanda ya lalace.

Dell PowerEdge na da nasa yare: kore a tsaye yana nufin lafiya, kore mai ƙiftawa sau 2 a daƙiƙa yana nufin ana nemansa ko ana shirin cire shi, ruwan goro mai ƙiftawa sau 4 a daƙiƙa yana nufin ya lalace, idan kuma ta yi kore, ta yi ruwan goro, ta mutu, to ana hasashen zai lalace. Tiren HPE daga Gen8 yana da shuɗiya ta nema, da zobe kore mai juyawa na aiki, da wata farar fitila a kan maɓallin cirewa mai cewa kada a zare, domin zare shi zai kayar da jerin. Kada ka ɗauki sanin wani kamfani ka kai wa wani. Ja mai saurin ƙiftawa a Supermicro nema ne kawai, amma ruwan goro mai irin wannan saurin a Dell mutuwa ce.

Wa ke kunna su: faifan da kansa, kati, ko manhaja?

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, kuma wanda ya gane wannan ya gane rabin sauran amsoshin. Fitilar aiki galibi faifan ne ke motsa ta, ta fil na 11 a bakin wutarsa. Fitilar hali kuwa faifan ba shi da hannu a kanta. 'Yar aike ce, abin da aka aiko ta da shi take faɗa. Dole wani ya yanke hukunci cewa faifan ya lalace, ya aika saƙo ta kati, saƙon ya bi waya zuwa allon baya, wato allon da faifai ke shiga cikinsa, guntun da ke kan allon ya kunna fitilar.

Idan katin RAID na gaske ne ke riƙe da jerin, shi ne mai hukunci kuma shi ne mai aike, ba ka buƙatar yin komai. Idan kuwa katin HBA ne kawai, wato mai miƙa wa Linux faifai ba tare da ya haɗa su jeri ba, irin LSI 9211-8i ko 9300-8i a yanayin IT, kuma manhajar mdadm ko ta ZFS ce ke riƙe da jerin, katin bai san ma akwai jeri ba. Faifai zai iya mutuwa fitilarsa tana nan a kashe har abada, sai an sa wata manhaja ta ɗauki aikin aiken. Duba amsar da ke magana kan sa jar fitila ta kama da kanta.

Don haka rashin jar fitila ba shaidar lafiya ba ce, kasancewarta ma ba kullum ce shaidar lalacewa ba.

Ina ta jin SGPIO da SES. Mene ne bambancinsu?

Hanyoyi biyu ne da saƙon ke bi. SGPIO, mai takarda SFF-8485, wayoyi huɗu ne na musamman: SClock, SLoad, SDataOut da SDataIn. Kati yana turo bit uku ga kowane faifai, ɗaya na aiki, ɗaya na nema, ɗaya na lalacewa. Waɗannan wayoyin suna tafiya a gefen wayoyin bayanai cikin kebul ɗin SFF-8087 ko SFF-8643. Hanya ce mai arha, kuma an fi samunta a allon da kowane faifai ke haɗe kai-tsaye da kati. Aibinta shi ne kusan ba ta ba da rahoto: ka aika, ba ka da tabbacin an karɓa.

SES ya fi wannan nisa. Ƙa'ida ce ta kwamitin T10, kuma a cikinta akwatin kansa yana bayyana a matsayin na'urar SCSI, galibi ta guntun ekspanda, wato mai rarraba layukan SAS ga faifai masu yawa. Ana yi masa magana da umarnin SEND DIAGNOSTIC da RECEIVE DIAGNOSTIC RESULTS. Shafi na 1 yana faɗin abubuwan da ke cikin akwatin, shafi na 2 na hali ne da ba da umarni, shafi na 7 yana ba da sunayen gurabe, shafi na 0x0A kuma shi ke haɗa gurbi da adireshin SAS na faifan da ke cikinsa. Ban da fitilu, ta nan ake karanta fanka, zafi da na'urorin ba da wuta. Idan kana da zaɓi wajen sayen akwati don ZFS ko mdadm, mai SES ya fi sauƙin sha'ani nesa ba kusa ba.

Ta yaya zan san wace hanya akwatina ke bi?

Ka ba da `lsscsi -g`. Idan ka ga layi mai nau'in `enclosu` da suna irin `/dev/sg12` a ƙarshensa, kana da SES. Ka leƙa `/sys/class/enclosure/` ma. Idan babu komai a ciki alhali `lsscsi` ya nuna akwati, ka loda direban da `modprobe ses`. Idan babu layin `enclosu` sam, to ko dai SGPIO ne, ko katin RAID ya ɓoye akwatin a bayansa, ko kuma babu wata hanya. `ledctl -L` zai jera katunan da ya gane da irin hanyar kowanne.

Sunan allon ma yana faɗa. A Supermicro, mai EL1 ko EL2 a sunansa yana da ekspanda, don haka SES. Mai A ko TQ haɗin kai-tsaye ne, yana dogara da wayoyin gefe. Wasu katunan Broadcom na baya-bayan nan, irin jerin 9400 da 9500, suna nuna wani akwati mai suna VirtualSES ko da allon na kai-tsaye ne, sai ka yi masa magana da yaren SES shi kuma ya fassara wa allon.

Wace hanya ce mafi sauƙi ta kunna fitilar nema a Linux?

`ledctl`, wanda ke cikin kunshin `ledmon` da Intel ya fara. `ledctl locate=/dev/sdq` zai kunna, `ledctl locate_off=/dev/sdq` zai kashe. Akwai `failure=`, `rebuild=` da `normal=` ma. Kyansa shi ne ba ruwanka da hanyar: shi zai duba ko SES ne, ko SGPIO ta AHCI, ko VMD da NPEM na faifan NVMe da za a yi bayaninsu a gaba, ya yi magana da yaren da ya dace.

Maimakon `/dev/sdq`, ka saba da ba shi hanyar da ke cikin `/dev/disk/by-id/`. Haruffan `sd` suna canzawa bayan sake kunna na'ura, kuma wanda ya kwafo harafi daga saƙon gargaɗin jiya zai iya haska wani faifan daban yau.

Ba ni da ledctl, ko kuma bai gane akwatina ba. Zan iya yi da hannu?

Za ka iya, ta hanya biyu. Ta farko ita ce sysfs, wato fayilolin da ke ƙarƙashin `/sys`. A cikin `/sys/class/enclosure/` kowane akwati yana da babban fayil, cikinsa kowane gurbi yana da nasa, mai ɗauke da `locate`, `fault` da `status`. Rubuta 1 a cikin `locate` yana kunnawa, 0 yana kashewa. Don sanin gurbin wani faifai, ka duba `/sys/block/sdq/device/`, za ka ga mahaɗi mai farawa da `enclosure_device:`. Sunayen gurabe daga manhajar cikin akwatin suke zuwa, wani ya ce `Slot 05`, wani `Slot05`, wani `ArrayDevice05`, kuma mai tazara a tsakiya yana karya rubutun da ba a sa masa alamar zance ba.

Ta biyu ita ce `sg_ses` daga kunshin `sg3_utils` na Douglas Gilbert. `sg_ses --join /dev/sg12` zai haɗa shafukan ya nuna maka kowane gurbi da adireshin SAS da halinsa. Sai `sg_ses --dev-slot-num=5 --set=ident /dev/sg12` don kunnawa, `--clear=ident` don kashewa, `--set=fault` don fitilar lalacewa. Ana iya zaɓar gurbi da `--sas-addr=` ma, wanda ya fi lamba aminci idan faifan yana raye. Ka lura na'urar da ake ba umarnin ita ce ta akwatin, ba ta faifan ba.

Idan sysfs da `sg_ses` suka saɓa, ni `sg_ses` nake gaskatawa, domin shi akwatin yake tambaya kai-tsaye, kuma yana nuna maka ɗanyen abin da aka amsa.

Katin RAID nake amfani da shi. Me ya sa waɗannan umarnin ba sa aiki?

Saboda katin ya tsaya tsakaninka da faifan. Linux yana ganin faifai ɗaya na ƙirƙira, bai san akwai takwas a bayansa ba. Dole ka yi magana da katin da manhajar kamfaninsa. A MegaRAID, `storcli /c0/eall/sall show` zai jera faifai da lambar akwati da ta gurbi, sannan `storcli /c0/e252/s3 start locate` ya kunna, `stop locate` ya kashe. Lambar 252 ita ce wadda katin ya saba ba allon kai-tsaye. `perccli` na Dell PERC tsarinsa ɗaya da wannan. A HPE Smart Array, `ssacli ctrl slot=0 pd 1I:1:3 modify led=on`. A Adaptec, `arcconf identify 1 device 0 3`.

Tsofaffin katunan HBA na LSI ma suna da nasu: `sas2ircu` ga masu guntun SAS2008 da SAS2308, `sas3ircu` ga SAS3008. `sas3ircu 0 display` zai nuna akwati da gurbi, `sas3ircu 0 locate 2:5 ON` ya kunna. Wannan ce sau da yawa kaɗai hanyar da ke aiki idan irin wannan katin yana haɗe da allon SGPIO.

Na ba da umarni, bai nuna kuskure ba, amma fitila ba ta kama ba. Ina matsalar?

Fara da kebul. A allon SGPIO, wannan ce ta fi yawa. Kebul mai rabuwa gida huɗu, daga SFF-8087 zuwa bakin SATA huɗu, iri biyu ne: akwai mai ƙarin siririyar waya mai fil 8 a gefe, akwai marar ita. Marar ita zai ɗauki bayanai lafiya lau, faifai duk su bayyana, amma babu ta inda saƙon fitila zai bi. Mai ita ma, ka buɗe murfin saba ka duba, sau da yawa za ka tarar da 'yar wayar tana reto a bayan fanka, wanda ya haɗa na'urar bai san amfaninta ba. Allon TQ na Supermicro kuma yana da 'yan jampa da ke zaɓar I2C ko SGPIO; idan suna kan wanda katinka ba ya ji, shiru za ka ji.

Idan faifan a bakin SATA na babban allo yake, direban AHCI yana buƙatar `ahci_em_messages` a kunne, kuma dole a ce an fito da wayoyin SGPIO a allon. Ka duba ko akwai `em_message` a cikin `/sys/class/scsi_host/`.

Na ƙarshe, tiren kansa. A akwatuna da yawa fitilar ba a jikin tire take ba, tana can ciki kan allon baya, wata siririyar sandar roba mai ɗaukar haske ce ke bi ta gefen tiren ta kawo shi gaba. Ta karye, ko ta goce, ko ƙura ta toshe bakinta, sai fitila ta kama a ciki ba ka gani a waje. Wannan ya fi faruwa da saba ta hannu da aka cika ta da tirori daga nan da can. Zare wani tire marar faifai da ke kusa ka leƙa ciki. Tiren HPE kuwa yana da nasa guntu da fitilu a jikinsa, shi ya sa na jabu ke yawan ba da matsala.

Fitila ta kama, amma a wani gurbin daban. Yaya haka?

Wannan ya fi rashin kamawa haɗari, domin ƙarya ce mai kama da gaskiya. Dalili na farko shi ne lissafi: sitikar gaban akwati ta fara daga 1, manhajar ciki ta fara daga 0, ko akasin haka. A `sg_ses` ma `--index` da `--dev-slot-num` ba lallai su zo ɗaya ba. Na biyu shi ne musayar kebul. A allon kai-tsaye mai baki biyu, idan aka juya kebul na farko da na biyu, ko aka soka wayar gefe ta rukunin farko a bakin rukuni na biyu, bayanai za su tafi daidai, amma saƙon gurbi na 1 zai sauka a na 5. Na uku, wasu akwatuna suna ba da shafi na 0x0A mai kuskure, sai kanel, wato zuciyar Linux, ya haɗa faifai da gurbin maƙwabcinsa. Sabunta manhajar cikin ekspanda kan gyara wannan wani lokaci.

Maganin duka ukun ɗaya ne, kuma ana yinsa ne ranar da aka kafa na'ura, kafin a zuba mata bayanai: a bi gurabe ɗaya bayan ɗaya, a kunna, a duba da ido, a gwada siriyal da `smartctl -i` ya nuna da wanda ke jikin faifan, a rubuta. Akwati mai gurbi 24 ba zai ci maka awa guda ba.

Faifan ya mutu murus, ya ɓace daga /dev. Yaya zan haska shi?

`ledctl locate=` yana buƙatar na'ura mai suna, faifan da ya ɓace kuwa ba shi da suna. Amma gurbin yana nan, kuma fitilar ta gurbi ce. A SES, ka nemi gurbin da `sg_ses --join` ya nuna babu adireshin SAS a ciki alhali ka san akwai faifai, ko wanda ba shi da mahaɗin `device` a sysfs, ka kunna shi da lambarsa. Sababbin fitowar `ledctl` suna da `--list-slots` da `--set-slot` don wannan aikin.

Idan duk wannan ya gagara, ka juya lissafin: kunna fitilar duk masu rai, wanda ya rage a duhu shi ne gawar. Masu ZFS da yawa suna kauce wa wannan wahala tun farko da `/etc/zfs/vdev_id.conf`, wanda ke ba faifai suna bisa gurbinsa a `/dev/disk/by-vdev/`, ta yadda `zpool status` zai faɗi gurbin ko bayan faifan ya tafi.

Zan iya sa jar fitila ta kama da kanta idan faifai ya lalace?

Ga mdadm, ka kunna `ledmon` ya riƙa gudana a bayan fage. Yana leƙa halin jerin md lokaci-lokaci, ya kunna lalacewa ko sake ginawa yadda ya dace. Ka sani cewa idan yana gudana, shi ke da fifiko: abin da ka sa da `ledctl` zai iya goge shi, ban da na nema. Ana iya taƙaita katunan da zai taɓa a `/etc/ledmon.conf`.

Ga ZFS, aikin ZED ne, wato manhajarsa mai sa ido a bayan fage. A `/etc/zfs/zed.d/zed.rc` akwai `ZED_USE_ENCLOSURE_LEDS=1`, kuma rubutun `statechange-led.sh` shi ke kunna `fault` idan faifai ya faɗa FAULTED, DEGRADED ko UNAVAIL, ya kashe idan ya dawo ONLINE. Ta sysfs yake bi, don haka akwatin da bai bayyana a can ba, ZED ba abin da zai yi masa. `zpool status -c slot,fault_led,locate_led` zai nuna gurbi da halin fitilu a gefen kowane faifai. Kada ka bar `ledmon` da ZED, ko wani rubutu naka, suna jan fitila ɗaya. Wannan ya kunna, wancan ya kashe, ka rasa wanda za ka yarda da shi.

Na canza faifan, an gama sake ginawa, amma jar fitilar ta ƙi mutuwa.

Wanda ya kunna ta bai dawo ya kashe ba. Duba `sg_ses --join`: SES ya bambanta `Fault reqstd`, wato wani ne ya nemi a kunna, da `Fault sensed`, wato akwatin ne da kansa ya ga matsala. Na farko ana share shi da `--clear=fault` ko `ledctl normal=`. Na biyu kada ka yi gaggawar rufe shi, ka duba gurbin da allon. Sake kunna saba ba lallai ya share ta ba, domin akwatin waje mai nasa wutar yana riƙe da abin da aka gaya masa. Akasin haka ma na faruwa: wuta ta ɗauke wa akwatin, ta dawo, fitilar nema da ka bar wa abokin aiki ta tafi.

Me ya sa fitilar aiki ta wasu faifai ke kunne kullum, ta wasu kuma a mace?

Bambancin SAS da SATA ne. Faifan SAS a al'adance yana barin fitilar a kunne idan yana shirye, ta riƙa ɗaukewa idan yana aiki. Na SATA a kashe take sai yana aiki. Ana juya halin na SAS da saitin RLM ta `sdparm`, idan haɗa su a akwati ɗaya yana damun ido. Wasu SSD na SATA kuma ba sa amfani da fil na 11 sam, fitilarsu ba za ta taɓa motsi ba. Wannan ba lalacewa ba ce.

NVMe fa? Babu SAS, babu ekspanda.

Nan abin ya ɗan rikice, domin faifan a kan PCIe yake kai-tsaye. A saba masu Intel Xeon Scalable, tun daga na 2017, akwai VMD, wani sashe na guntun mai kula da faifan NVMe. Idan an kunna shi a BIOS, `ledctl` yana sarrafa fitilu ta rajistar gurbin PCIe, wadda ke bayyana a `/sys/bus/pci/slots/` da sunan `attention`. Idan VMD a kashe yake, sau da yawa babu abin da zai motsa. Ka yi hattara: kunna shi a na'urar da ke aiki yana canza adireshin PCI na faifan.

Hanyar da ba ta wani kamfani ɗaya ba ita ce NPEM, wadda ta shigo da PCIe 4.0. Linux 6.12, na Nuwamba 2024, ya kawo direbanta, inda fitilun ke bayyana a `/sys/class/leds/` da sunaye masu ƙarewa da `enclosure:locate`, `enclosure:fail` da makamantansu. Allunan U.3 masu karɓar SAS, SATA da NVMe a gurbi ɗaya suna amfani da UBM, mai takarda SFF-TA-1005, kuma a can katin ne ke magana da allon, sai ka koma ga `storcli` ko ɗan'uwansa kamar yadda aka yi bayani a amsar katin RAID.

Idan ba Linux ba ne, ko ina cikin na'urar ƙirƙira (virtual machine), ko ina nesa?

FreeBSD yana da `sesutil`, mai daɗin amfani: `sesutil map` ya nuna gurabe, `sesutil locate da5 on` ya kunna, `sesutil locate all off` ya kashe duka. A Windows Server, `Get-StorageEnclosure` zai nuna akwatunan SES, `Enable-PhysicalDiskIdentification` ya kunna fitilar faifai. A na'urar ƙirƙira, idan faifai ɗai-ɗai aka miƙa mata, ba za ta ga akwatin ba. Sai an miƙa mata katin HBA ɗungurungum ta PCI, ko a ba da umarnin daga uwar na'urar.

Daga nesa, iDRAC na Dell, wato guntunsa na kula da saba, yana da `racadm storage blink:` da cikakken sunan faifan, Redfish kuma, wato tsarin kula da saba ta hanyar sadarwa, yana da `LocationIndicatorActive` a kan faifai, wanda ya gaji `IndicatorLED`. Kada ka haɗa wannan da `ipmitool chassis identify`, wanda ke haska sabar gaba ɗaya. Idan wani za ka tura ya zare maka, ka kunna duka biyun, ka ce ya karanto maka siriyal ta waya kafin ya soka sabon.

Akwatina ba shi da SES, ba shi da SGPIO. Shi ke nan?

Akwai tsohuwar dabara: `dd if=/dev/sdq of=/dev/null bs=1M`. Faifan zai shiga karatu ba tsayawa, fitilar aikinsa ta fi ta kowa haske. Ka duba `if` da `of` sau biyu kafin ka danna, domin sa faifan a `of` zai iya shafe bayanai. Dabarar ba ta aiki ga faifan da ya mutu, tana wahala a jerin da ke cikin aiki tuƙuru, kuma tilasta wa faifai mai ciwo dogon karatu zai iya ƙarasa shi. A irin wannan akwati, sitika mai ɗauke da lambobin ƙarshe na siriyal a gaban kowane tire ta fi kowace manhaja, muddin ana canza ta duk lokacin da aka canza faifai.

Fitilar nema ta kama. Zan iya zarewa yanzu?

Kamawarta ba ta cire faifan daga jeri ba, ba ta kuma dakatar da rubutu ba. Ga mdadm, sai ka yi `--fail` sannan `--remove`. Ga ZFS, `zpool offline`. Ga katin RAID, ka bi matakin manhajarsa na shirya faifai don cirewa. Bayan haka ka duba fitilar aiki ta daina motsi yayin da na maƙwabta ke ci gaba, ka kashe fitilar nema ka sake kunnawa kana kallo don ka tabbatar taka ce, ba wadda wani ya manta ya bari ba.

Idan faifai mai juyawa ne, ka saki maƙallin, ka ja shi kaɗan ya rabu da allon, ka ba shi kamar daƙiƙa 30 ya tsaya kafin ka fito da shi. A akwati mai hanya biyu, inda faifai ɗaya ke bayyana da suna biyu ta ekspanda biyu, ka tabbatar `multipath -ll` ya nuna duka sunayen na faifan nan ne, sannan ka cire taswirarsa da `multipath -f` kafin ka ja tiren.